Farin da Ya Rushe Mana Katanga

An karɓi littattafan mahaifinmu guda goma sha huɗu, aka ce aro ne na sati biyu. Yau shekara guda ke nan da wata uku. A tsakanin nan kuma an shiga rediyo an kira shi maƙaryaci, shi yana kwance a kabari.

Amma kada in yi butulci. Wanda ya yi mana wannan karamci ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne Babban Daraktan cibiyar binciken yanayin zamanin da, wanda ma'aikatansa ke kira Sarkin Gajimare da zarar ya juya baya. Gwani ne. Yana iya gaya maka irin ruwan da aka yi shekara ɗari da suka wuce ba tare da ya buɗe taga ba. A ofishinsa akwai na'urar sanyaya ɗaki biyu da hotonsa guda shida. Direba ke riƙe masa lema daga mota zuwa ƙofa, taku tara. Ɗigon ruwan sama bai taɓa sauka a wuyansa ba, kada ya gurɓata bincike.

Baba kuwa ma'aunin ruwan sama yake dubawa. Shekara talatin da ɗaya, kullum ƙarfe bakwai na safe, zai zagaya bayan ofishin gona, ya juye ruwan gwangwanin ma'aunin a kwalba mai layi-layi, ya rubuta. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ranar da ya duba bai ga ruwa ba, sifili yake sawa. Ranar da bai samu dubawa ba, sai ya ja ɗan layi, ya rubuta dalili a gefen takarda.

Sarkin Gajimare da kansa ya tako gidanmu. Sai da ya kakkaɓe kujera da hankici sannan ya ɗosana.

"Baiwar Allah," in ji shi, "waɗannan takardu a hannunku abincin gara ne. A hannuna kuwa, tarihi ne."

Muka miƙa, har da godiya.

Sakatariyarsa ce ta ba ni sauran labarin. Da aka zo ɗaukar hoton shafukan, sai ya ce a rufe gefen takarda, domin "kimiyya lamba take so, ba tatsuniya ba." Da aka zo shigarwa a kwamfuta, aka tambaye shi yadda za a yi da 'yan layukan nan. Ko ɗago kai bai yi ba.

"A mai da su sifili. Babu ai babu ce."

Haka Allah ya buɗe wa bawansa. Sai ga kwana hamsin da biyu a jere, a tsakiyar damina, babu ko ɗigo. Fari mafi muni, wanda tarihi ya manta, har sai da uwa ta haifi Darakta! Aka kama babban ɗakin taro, aka rataya hotonsa na bakwai.

Ni na san wannan farin. Shi ne ya rushe mana katanga, ya tafi da gada, ya sa Inna ta yi kwana uku da mu a benen makaranta. Shi ne ya tumɓuke ma'aunin Baba har da sandarsa. A gefen shafin Baba ya rubuta: "Ambaliya ta tafi da ma'auni. Na nemi a aiko sabo." Sabon ma'aunin kuwa, kwana hamsin da biyu ya yi kafin ya iso.

A wurin taron wata tsohuwar malamar asibiti ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a farin nan naka a kwalekwale nake zuwa aiki."

Ya yi mata murmushin tausayi. "Mama, tunanin tsofaffi ba hujja ba ne. Kwamfuta ta ce fari."

Da masana na wasu wurare suka duba tsofaffin jaridu suka fara dariya, sai jarumin namu ya nuna jarumtarsa. Ya shiga rediyo ya ce ba laifinsa ba ne, ma'aikatan zamanin da ne malalata, musamman mai waɗannan littattafai, wanda yake zaune a gida yana cika takarda da ƙarya. Inna tana tsintar shinkafa ta ji. Ta kashe rediyon. Har yau ba ta sake kunna shi ba, kuma ta daina zuwa suna da biki, wai mutane na kallonta.

Sau huɗu ina zuwa cibiyar. Kullum Darakta yana taro.

To, ku hukumar da ke kula da cibiyar nan, ku saurara. A dawo mana da littattafai goma sha huɗu, ko shafi ɗaya kada ya yi ciwon kai. A mai da mutuminku gidan rediyon, a shirin da ya yi zagin, ya karanta abin da ke gefen shafin da bakinsa, ya nemi gafara yadda Inna za ta ji ko ta rediyon maƙwabta ne.

Na ji an ce kuna shirin raɗa wa farin sunansa. Wannan kam don Allah kada ku fasa. Ɗansa ne na cikinsa, a ofis ya haife shi, kuma duk duniya babu wanda ya taɓa ganinsa sai uban.