Yadda Za Ka Ci Gasar Tambari Ka Burge Suruki Mai Raƙuma

Kai da ka iya zane a ordinata, wato kwamfuta, amma har yau a gidan budurwarka ana kiranka mai danne-danne, matso kusa. Hanyar nan tabbatacciya ce. In ka bi ta ba ka ci gasa ba, zo fadarmu ta bayan tashar Gure ka kifar mini da butar shayi. Maƙwabcina Fannami ya bi ta sau da ƙafa, ya kuma ci. Shi dama abu guda ya hana shi barci: Baba Manzo, mai raƙuma a Alakos, mahaifin budurwarsa Zuhura, ya aiko cewa ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba a ganin aikinsa da ido.

1. Sa kanka tun ba a kira ka ba

Kasa kunne. Wata rana za ka ji samarin gari za su yi taron masu manhajar kowa-da-kowa, irin wadda ba a saye, kowa ya buɗe cikinta ya gyara ya miƙa wa na gaba. Za su ce taron na son tambari, an sa gasa. Kada ka tambayi lada, abin kunya ne. Riga ce guda, da kiran sunanka a lasifika. Fannami da ya ji zancen lasifika ko tuwo bai iya gamawa ba, don a ganinsa aikin da aka yi shelarsa ba tsohon da zai ce bai gani ba.

2. Bar masu gaggawa su fara

Bar su su zuba nasu a zauren WhatsApp na kwamiti. Za ka ga hannu biyu suna gaisawa a kan duniya, za ka ga dabino ya tsiro daga cikin ordinata, wani ma hoton fuskarsa zai turo. Kai ka yi ta rubuta musu "madalla". Masana sun ce gwanin zane ba ya gaggawa, balle in kansa fayau yake. Fannami ya zauna gaban farin shafi har kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ya dawo ya sake tafiya, abin da ya samu ɗigo ne kawai, shi ma ƙuda ne.

3. In kai ya ƙi, ka tafi kasuwa

Can Allah ya buɗa wa Fannami. A kasuwar bisashe ya hangi wani raƙumin Baba Manzo, a wuyansa ga zobe da layi uku a ƙasa kamar sawun zabuwa. Shaidar gidan ke nan, wadda ake lalasa wa raƙumi da jan ƙarfe tun zamanin kaka, don ko ya ɓata ya kai Bune a san mai shi. Fannami ya ɗauki hoto, raƙumi yana harararsa.

Yi kamar shi. Ka kwafa, ka shafa mata kore, ka ce a ranka ba girmamawar da ta fi wannan. Kada ka nemi izinin tsoho. Mai tambaya ba ya yi wa suruki bazata.

4. Lulluɓe ta da bayani

Kwamiti ba zane yake zaɓa ba, surutu yake zaɓa. Ce musu zoben haɗin kai ne. Layin farko ilimi, na biyu 'yanci. Na uku in ka rasa, ka ce matasa. Madan Habsu, shugabar kwamiti, da ta ji haka sai da ta cire gilashi ta goge ido. Aka kaɗa ƙuri'a, Fannami ya kayar da dabino da tazara.

5. Ce "na yarda" tun ba a gama karanta maka ba

Za a kawo maka zancen lasisi. Madan Habsu ta yi wa Fannami bayani dalla-dalla: "Ka gane ko, Fannami? Daga yau kowa na iya kwafarsa, ya canza shi, ya sa inda ya ga dama. Kuma ba a janyewa." Shi kuwa lokacin hankalinsa na can kan kalar babbar rigar da zai sa ranar ɗaurin aure. Ya ce ya yarda har zuci.

Kafin ranar taro tambari ya cika gari. Yana jikin kabu-kabu, yana teburin mai shayi, wani yaron Damagaram ya sa masa hula ya sake turowa. Wani manomi daga Gidigir ma ya shafa wa jakinsa da fenti, wai ya yi masa kyau. Wannan shi ake kira nasara, kada ka bari gabanka ya faɗi.

6. Ajiye wa suruki kujerar gaba

Baba Manzo ya iso da rawaninsa da sandarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin taro. Ɗaki cike, kowane ƙirji da riga mai shaidar gidan tsoho. Bai zauna ba. Ya yafito Fannami, shi kuwa ya zo ya durƙusa, ido a ƙasa, baki har kunne.

"Yaro, waɗannan duka mallakina ne?"

"A'a Baba, tambari ne. Don girmama ka na yi."

"Abin da ke ɗauke da shaidar nan ni ke shayar da shi, ni ake nema in ya yi ɓarna." Ya nuna wani dogo mai gemu da ya zo daga Yamai. "Wancan in ya shiga gonar mutane fa?"

Madan Habsu ta matso ta gaishe shi da ladabi. "Baba, ai yanzu ta kowa ce. Kowa na iya sa ta."

"Har a wuyan raƙumi?"

Ita kuwa baiwar Allah ba ta iya ƙarya ba. "Lasisin bai hana ba, Baba."

Nan tsoho ya zauna, ba a kujerar gaba ba, a kan dakalin ƙofa. Daidai lokacin lasifika ta kira sunan Fannami, ɗaki ya ɗauki tafi. Wallahi ni da nake gefe tausayinsu duka biyu ya kama ni. Baba Manzo ya jira aka gama tafin, ya ce a hankali: "Shaidar da kowa ke iya sawa ba shaida ba ce. Kakana ya bar mini ita, ka raba ta kamar goron suna."

In ka kai nan, kada ka yi bayanin layi uku. Fannami ya fara, bai taimaka ba.

7. Karɓi aiki na biyu da hannu bibbiyu

Gwani ba ya rasa mai nema. Tsoho ya miƙe ya karkaɗe riga. "Aiki kam na gani da idona, ba ƙarya, mai zane ne kai. To ka zana mini sabuwa, wadda ba ta kowa ba. Ka zo Alakos ka sa wa kowane raƙumi da hannunka. Ranar da ka gama na ƙarshe, ka turo manyanka."

Ka ga ci gaba ke nan: daga ordinata zuwa ƙarfe da garwashi, kuma shi ma aikin sa kai ne. Fannami na can yanzu yana bin raƙuma daga rijiya zuwa rijiya. Ya ce wannan kwamitin ba ya ƙuri'a, in zane bai yi masa ba da haƙori yake faɗa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da cizo, shuri, ƙunar yatsa ko fushin dattijo. In an tambaye ni ban san ka ba, ban taɓa ganin raƙumi ba. Alkawarina cin gasa ne, kuma an ci, zancen aure ban sa baki ba. Zuhura dai ta ce tana nan tana jira, sai dai jiya ta aika wa Fannami ya ƙara hura wuta, don taguwoyin Baba sun fara haihuwa.