Ranar da Maƙerin Bushiya Ya Durƙusa

A wani daji da sabis ɗin waya ya isa a makare, dabbobi suka buɗe zauren wasa a wayoyinsu. Kowa ya ƙirƙiri mutum nasa, ya ba shi suna da hali, a haɗu ana saƙa labari tare. In mutuminka zai yi wani abu, sai ka rubuta shi tsakanin taurari biyu. Doka ɗaya ce tak, kuma ko ɗan zomo ya haddace ta: ka rubuta abin da naka ya yi, ka bar wa kowa nasa. Kana iya cewa ka kai duka, amma ko ya samu ko bai samu ba, mai jikin ne zai faɗa.

Ba wanda ya riƙi wasan nan da gaske kamar Bushiya. Baiwar Allah, a fili ko ganye ya faɗo sai ta dunƙule. A zaure kuwa tana da maƙeri mai suna Tunau, mutum mai taurin kai, wanda bai taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba. Nan kaɗai take miƙewa tsaye, kuma tana son Tunau kamar ranta.

Ana nan sai Kura ta shigo, ƙawar Damisa shugabar zaure, da wani jarumi wai shi Garnaƙaƙi. Ta aika shi maƙera ya karɓi takobi, Tunau ya ce sai ya bi layi. Kafin Bushiya ta ƙara harafi, sai ga saƙon Kura: *Garnaƙaƙi ya daka tsawa, Tunau ya zube ƙasa jiki na ɓari, ya sumbaci takalminsa yana neman gafara.*

Bushiya ta karanta, ta sake karantawa. Ba zagi ba ne, ya fi zagi ciwo. An shiga cikin mutuminta an lanƙwasa masa gwiwa, tana ji tana gani. Ta kai ƙara, Damisa ta tara dabbobi a gindin tsamiya.

"Ranki ya daɗe," in ji Bushiya, "ban hana Yaya Kura tsawa ba, tsawarta ce. Ta zare takobi ma in ta so. Amma gwiwar Tunau tawa ce, ni zan ce ta lanƙwashe ko ta ƙi. Abin da nake roƙo kawai a goge layin nan, a bar ni in ba da amsata."

Kura ta yi hamma. "Ƙanwata, taimakonki na yi. Na ga yatsunki ƙanana ne, na rage miki wahalar rubutu."

Sai Malam Dila, mai fassara doka, ya gyara zama. Shi dai Dila bai taɓa cin karo da dokar da ta fi ƙarfin harshensa ba.

"Ranki ya daɗe, jama'a," ya ce, "dokar nan ni na tsara ta, ba zan yarda a taɓa ta ba. An kafa ta ne don kada a yi wa wani ƙarya. Abin dubawa ke nan: ƙarya Hajiya Kura ta rubuta, ko gaskiya? Ga mai tsawa, ga wadda aka yi wa. Me zai hana mu gwada?"

Kura ba ta jira izini ba. Ta matso ta daka tsawar da ta karkaɗo 'ya'yan tsamiya. Bushiya ta so ta tsaya, Allah ya sani ta so, amma jiki ya riga ta. Ta dunƙule tamau a gaban kowa.

Aka fashe da dariya. Har Zomo da Kurege, waɗanda jiya Kura ta rubuta wa mutanensu gudu, suka fi kowa ƙyaƙyatawa, suna satar kallon Damisa ko ta ga suna yi.

"To, kun gani," in ji Damisa. "Doka tana nan daram, ba a karya ta ba. Don a zauna lafiya, daga yau duk ƙaramin da ya yi jinkirin amsa, babba na iya amsa masa. Bushiya, ki gode wa yayarki."

Daga cikin ƙayarta Bushiya ta ce, "Ni na dunƙule, ba Tunau ba." Ba wanda ya ji, an riga an watse.

Tun ranar ba ta sake rubuta komai ba. Ta zaci in ta yi shiru, Tunau zai mutu da sauran mutuncinsa. Ina! Washegari ta leƙa zaure ta tarar da shi yana share wa Garnaƙaƙi hanya. Bayan kwana biyu ya koma yi masa kirari, daga baya aka aura masa ƙanwar jarumin, ya yi godiya har da hawaye. Sunan Bushiya na nan a jikinsa, ba a cire ba. Takan zauna a bakin raminta ta karanta abin da wai ta ce.

Da shekara ta zagayo, zaure ya yi taron karrama 'yan wasa, aka ba Bushiya kambun ladabi. Malam Dila ya shaida wa taro cewa a duk tsawon shekarar ba a ji ta yi musu da kowa ba.