Giwan Ruwan Kawu Idi da Fim Ɗina Mai Albarka

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka karya darajar sefa ba. Mutane suna tuna ta ne saboda komai ya yi tsada, daga sukari har takin zamani. Ni kuwa ina tuna ta saboda a bazarar shekarar na zama mai hoto, a bazarar kuma na kusa barin Madarumfa don kunya.

Na sayar da albasar da na noma a bakin tafki, na tafi Maraɗi da niyyar sayen keke. Na dawo da kyamara. (Kada ku tambaye ni abin da matata Rabi ta ce.) Wani dattijo mai shagon wankin hoto, Malam Sani, shi ya sayar mini da ita, tsohuwa ce ta ƙarfe, in ka rataya ta a wuya sai ka ji kamar ka rataya guduma. Shi ya saka mini fim da hannunsa, ina tsaye ina kallo, sannan ya ce:

"Fim ɗaya hoto talatin da shida ne. In ka samu goma da za ka iya miƙa wa mutum ba ka sunkuyar da kai ba, ka yi sadaka."

Na ce, "Goma kaɗai, Malam? Sauran fa?"

Ya ce, "Sauran na koyo ne. Ni da na tsufa cikin aikin nan, akwai ranar da shida nake tsira da su."

Na ce to a baki, amma a zuciyata cewa na yi idon tsohon ne ya fara rauni. Ni da nake hango ɗan tsako a bakin shaho, me zai hana in samu talatin da shida cif?

Fim na farko bakwai na samu. Sauran kuwa, wasu babu kai, wasu babu ƙafa, wasu an rufe ido kamar ana addu'a, huɗu kuma babban yatsana ne ya cika su. Rabi ta ɗauki ɗaya ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta ce, "Maigida, waɗannan gwiwoyin na wane ne?" Nata ne. Ban faɗa mata ba.

Da na je karɓar waɗannan hotunan, Malam Sani ya sake saka mini fim na biyu, na kuma sayi na uku na ajiye. Ya ce in tsaya ya koya mini sakawa a hankali. Na ce ai na gani har sau biyu, ba sai na ɓata masa lokaci ba. Fim na biyun na ƙarar da shi a sunan ɗan maƙwabcina, na cire na sa a aljihun riga. Kyamara ta zauna babu komai a ciki.

To, yanzu bari in gabatar muku da Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata. Masunci ne tun yana yaro, mutumin kirki, sai dai kifin da yake ba da labari kullum ya fi wanda yake kawowa gida girma. Shekara da shekaru yana cewa akwai wani giwan ruwa a tafkin nan da ya yaga masa koma sau uku, tsawonsa ya kai mutum. Yana da taubashi, Baba Ɗan Jimma mutumin garin Gabi, wanda bai da aiki a duniya sai ƙaryata shi. Duk ranar kasuwa, a gaban kowa, zai ɗaga murya ya ce, "Idi, yau kihin naka ya kai raƙumi ko da saura?" Kawu ya yi dariya, amma mu na gida mun san abin yana cinsa. A wannan bazarar Baba Ɗan Jimma ya tafi cin rani Najeriya, ba ya nan.

Wata Talata da hantsi ina ban ruwa a lambu, sai na ji ihu daga bakin tafki, mata suna guɗa. Kafin in ajiye guga sai ga Kawu da kansa a guje, wando jiƙe, hula ta faɗi bai ma sani ba.

"Ɗan nan! Ina abin hoton naka? Ɗauko maza! Na kama shi!"

Wallahi ya kama shi. Ban taɓa ganin kifi irin wannan ba, har yau kuma ban sake gani ba. Mutum biyu suka rataye shi a sanda, wutsiyarsa tana jan ƙasa, kansa a daidai ƙirjin Kawu. Bakinsa kuwa ƙwarya ƙarama za ta shige. Na ruga gida, na ɗauko kyamara da fim na uku, na tsuguna a inuwar wata bishiya na buɗe bayanta. Na ja harshen fim ɗin, na kwantar da shi a kan sandar da ke naɗe shi, kamar dai yadda na ga Malam Sani yana yi (a ganina), na rufe, ƙwas. Ko minti ɗaya ban yi ba. Har na yaba wa kaina saurin hannu.

Kawu ya aika aka ɗauko masa babbar rigarsa ta Sallah, ya zura ta a kan jiƙaƙƙen wando. Ya tsaya kusa da kifin ya dafa shi, ya murtuke fuska kamar sabon kwamanda.

"Ka ɗauka da kyau," in ji shi. "Wanga na Ɗan Jimma ne. In ya dawo, bakinshi zan toshe da shi."

Na ɗauke shi a tsaye. Na ɗauke shi a tsugune. Na sa shi ya kwanta a ƙasa kusa da kifin don a ga tsawo, ya kuwa kwanta da rigar Sallah, bai damu da taɓo ba. Wannan karon na yi hankali ƙwarai, yatsana yana nesa, kai da ƙafa duk suna ciki, rana tana bayana. Ina dannawa, ina tura ɗan hannun da ke ja fim gaba, lamba tana hawa a ƴar tagar da ke sama. Lokacin ban shiga karatun manya ba, ban iya karanta rubutu ba, amma lamba kam na santa. Goma, sha biyar, ashirin. Masunta suka jeru na ɗauke su. Mai unguwa ya zo na ɗauke shi yana riƙe da wutsiya. Mata masu suyar kifi suka ce su ma ba za a bar su ba.

Lamba ta kai talatin da shida. Na ɗaga hannu na ce, "Jama'a, saura ɗaya ko babu." Na tura hannun nan ina jiran ya cije, don haka yake yi in fim ya ƙare. Bai cije ba. Ya tafi sumul. Na danna, na sake turawa, ya sake tafiya. Talatin da takwas. Arba'in. Lambar ta tsaya cak a tagarta, hannun kuwa yana ta tafiya, sai na ci gaba da ƙirge da baki.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa hawa na yi kan wani kwale-kwale da aka kife, na faɗa da ƙarfi:

"Fim ɗin nan ya yi albarka! Ya wuce adadinsa! Duk mai son hoto ya zo!"

Wata tsohuwa ta ce ai dama ranar Kawu ce, abin da ya taɓa kifin nan duk sai ya yi auki. Kowa ya ce haka ne. Wani ya koma gida ya ɗauko rediyonsa don a ɗauke shi da ita. Wani ya jawo jakinsa. Sai da na kai hamsin da huɗu, rana ta take, Kawu ya ce a bari haka kada kifin ya lalace. Na juya mariƙin da ke mayar da fim cikin gwangwaninsa, juyi biyu kacal na ji ya saki. Na fim ɗin baya sai da hannuna ya gaji. Wannan ma na lissafa shi cikin albarka.

Kafin la'asar an yanka kifi an raba. Gida-gida aka ci shi a unguwarmu, ni ma aka aiko mini da tsoka mai kyau, ladan mai hoto.

Na haɗa fim biyu, na suna da na kifi, na ba wani direba da ke zuwa Maraɗi ya kai wa Malam Sani. Aka yi kwana goma sha. A cikin kwanakin nan tafiyata ma ta sake. Duk inda na bi sai a ce, "Mai hoto, yaushe?" in ce, "Suna hanya, da yawa ne, wankinsu sai a hankali." Ana haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƴan cin rani suka fara dawowa sharar gona, Baba Ɗan Jimma ma ya dawo. Aka ba shi labari, ya ce ko garin duka zai rantse shi bai yarda ba, ai kifin suka ci shi ya sa suke taya Idi. "In ga hoto," in ji shi. "Hoto ba ya cin kihi, ba ya ƙarya."

Ranar kasuwa direba ya miƙo mini ambulan, mai kauri, a liƙe. Da na buɗe shi a ɗaki ni kaɗai, da labarin nan bai kai in rubuta shi ba. Amma ina! Kai tsaye na wuce rumfar da dattawa ke zama, na aika a kira Kawu. Aka shimfiɗa tabarma. Mai unguwa yana nan, Mushe Haruna malamin lakkol, wato makarantar boko, yana nan (Mushe muke ce wa malaman boko), masunta sun zagaye mu, mai jaki ma ya zo. Kawu ya zauna daf da taubashinsa yana murmushi, ya ce, "Matso kusa, Ɗan Jimma, idonka ba shi da ƙarhi."

Na yi bisimilla na yage ambulan. Hoto na farko, ragon suna. Na biyu, mata da jariri. Na uku, ragon suna an feɗe. Na ce na kifin suna ƙasa. Na ci gaba da zarewa, hannuna yana ƙara sauri, wanzami, maroƙi, bango, wani mutum babu kai. Hotuna suka ƙare. Abin da ya rage a ambulan sai wata doguwar ledar fim a naɗe da ƴar takarda.

"Ina kihin?" in ji Kawu.

Na ce wataƙila Malam Sani zai aiko su daban, ga ma takarda ya rubuto. Na miƙa wa Mushe Haruna da hannuna, na kuma ce masa (Allah Sarki ni), "Mushe, ɗaga murya kowa ya ji."

Mushe ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ya karanta mana. Ya karanta:

"Gaisuwa mai yawa. Na suna an samu tara masu kyau, ka ci gaba. Ɗayan fim ɗin kuwa ko hoto ɗaya babu a kansa. Ba ka soka harshensa cikin tsagar sanda ba, don haka bai motsa daga gwangwaninsa ba, iska ka yi ta ɗauka. Ka zo in koya maka, kamar yadda na ce tun farko."

Ina jin kukan akuya daga can ƙarshen kasuwa. Baba Ɗan Jimma ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki ledar nan, ya warware ta, ya ɗaga ta saitin rana. Fes take, launin ruwan shayi, ana hango sama ta cikinta. Ya bi ta da ido tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Na gan shi," ya ce. "Wallahi na gan shi. Idi, ka yahe mani. Wanga shi ne ainihin kihin da kake kamawa shekara talatin."

Dariyar da aka yi, har masu awon gero suka bar mudu suka zo tambayar lafiya. Mai unguwa yana share hawaye da hannun riga. Mai jaki yana tambaya ko jakinsa ma bai fito ba. Ni dai ina zaune da hoton rago a hannu, ina roƙon ƙasa ta buɗe.

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni.

"Ɗan nan, ka ci rabonka na kihin?"

"Na ci, Kawu."

"Da daɗi?"

"Da daɗi, Kawu."

"To madalla. Kai ne babban shaidata, ga shi kai ma yanzu ba mai yarda da maganarka."

Washegari na hau mota zuwa Maraɗi, na zauna gaban Malam Sani kamar ɗan koyo, na saka tsohon fim na cire har sau ashirin. Na yi shekaru ina sana'ar bayan haka, kuma ban taɓa wuce sha biyu masu kyau a fim ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, in abu ya ƙi ƙarewa a lokacin da ya kamata ya ƙare, kada ka yi saurin hawa kwale-kwale kana shelar albarka. Fara dubawa ko ma an fara shi.

Asarar ranar kuwa ga ta: fim ɗaya, hoto hamsin da huɗu, rigar Sallah ɗaya da taɓo bai fita ba, da gaskiya guda ɗaya tak da Kawu Idi ya taɓa faɗa a kan kifi.