A Sauke Hotona Daga Bangon Gidan Kaza

Zuwa ga mai girma Babban Manajan Kamfanin Abinci na Sai-Ka-Dawo, mai gidajen abinci uku a jere a kan layinmu, wanda ba mu taɓa gani ba amma kullum muna samun labarin yana cikin taro.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babban mutum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da kuma fatan a gida kake cin abinci. Ni ne mai gyaran agogon nan da ke ɗan shago tsakanin mai aski da kantin magani. Ba sai na kwatanta maka kamannina ba, tunda hotona ne kuka rataya a bangon gidan kazarku, tsawonsa ya fi ƙofa, bakina a wangale, jijiyar wuyana a miƙe. Na zo ofishinka sau uku ban same ka ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka a cikin taron.

Wata huɗu da suka wuce muka wayi gari an shafe shaguna uku da jan fenti. Ɗaya aka ce gidan kaza ne, ɗaya gidan kifi, na ukun na shayi da kek. Ranar buɗewa, mako biyu da suka wuce, kun raba wa maƙwabta katin gayyata. Matata ta ce in bari, ta riga ta ɗora tukunya. Na ce mata haƙƙin maƙwabtaka ne, leƙawa kawai zan yi. Na ja mai aski muka tafi. Ga abin da muka tarar, da abin da ya biyo baya, ina roƙon ka yi haƙurin karantawa.

Na ɗaya, kujerun. Yallaɓai, wa ya ɓata maka rai a cikin masu ciwon baya, har ka ɗauki fansa a kan dukanmu? Kujerar da aka ba ni doguwa ce, ba majingina, sai da na dafa kafaɗar mai aski na hau. Shekarata sittin da ɗaya, ƙafafuna suna lilo a sama. Mai aski, wanda ya san kan kujera fiye da kowa a layin nan, ya ce shekara talatin yana zaunar da mutane, bai taɓa ganin kujerar da aka ƙera don korar mai zama ba sai ranar.

Na biyu, duhun. Da rana tsaka muka shiga, amma kun rufe tagogi kun kunna wasu 'yan fitilu masu kama da idon kyanwa. Ni da nake ganin ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar yashi ba, sai da na haska fitilar waya kafin na gano cokalina. Da farko na ɗauka ado ne. Da abincin ya iso na fahimci hikimarka, kuma na jinjina maka. Wanda zai kawo irin wannan a gaban mutum, ai bai kamata ya bar haske ba.

Na uku, abincin kansa. A takardarku sunansa Kazar Alfarma Cikin Mafarki. Aka kawo faranti mai faɗin murfin ganga. A tsakiyarsa cinya ɗaya, da yankan dankali uku, da ganye guda da aka dasa a kai kamar tuta, sai wani zanen miya a gefe kamar wani ya goge yatsa. Mai aski ya tambayi ma'aikacin ko wannan na ɗanɗano ne kafin a kawo na gaske. Aka ce a'a, shi ke nan. Wajen cinyar ya ƙona mini harshe, cikinta kuwa ƙanƙara ce. Na sa wuƙa ta ƙi, na sa hannu, na kai haƙori. Na ja, ta ja. Ban san shekarun kazar nan ba, amma na rantse ta girme kamfaninku, kuma ba da son ranta ta mutu ba. Ina cikin wannan kokawa ne wata ma'aikaciyarku mai jar hula ta ɗaga waya ta ɗauke ni hoto.

Ta matso da fara'a ta ce, "Baba, yaya ka ji abincinmu?"

Na ajiye cinyar na ce, "'Yata, ban taɓa cin irin wannan abinci ba a rayuwata, kuma in Allah ya yarda ba zan ƙara ba."

Na huɗu, kuma shi ne uwar ƙorafin. Bayan kwana biyu aka kafa tsani aka rataya hotona, a ƙasansa an rubuta da manyan baƙaƙe: "BAN TAƁA CIN IRIN WANNAN ABINCI BA A RAYUWATA! In ji maƙwabcinku, mai gyaran agogo." Ranka ya daɗe, ina sauran maganar? Da kun iya yanka kaza kamar yadda kuka iya yanka zance, da ba mu kai ga haka ba.

Kuma ba ni kaɗai aka yi wa wannan kaciyar magana ba. Mai aski cewa ya yi, "Zan gaya wa duk wanda na yi wa aski ya kiyayi wurin nan." A kan gilashin ƙofarku an liƙa: "Zan gaya wa duk wanda na yi wa aski!" Matar kantin magani ta gwada kifinku sau ɗaya, ta ce, "Tun da kuka buɗe, kasuwata ta buɗe." Wannan kam ba ku yanke komai ba, kun liƙa shi ɗungurungum a gidan kifi da taurari biyar a kai. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da take sayarwa? In kana son sanin ra'ayin unguwa na gaskiya, yallaɓai, ka leƙa kantar da take ajiye maganin ciki. Kullum wayam.

Na biyar, gidana. Wataƙila ba ka sani ba, bangon da kuka zaɓa yana kallon tagar kicin ɗinmu. Shekara talatin da huɗu matar nan tana dafa mini abinci. Ta dafa da ciki, ta dafa da goyo, ta dafa ranar da ta fito daga asibiti da ɗinki a jikinta. Ni kuma, in faɗi laifina, ba mutum ne mai yabo ba. In na ci sai in wanke hannu in ce an gode, in tashi. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa jin na yi wa girkinta santi ba. Sai ga shi ta ɗaga labule tana yanka albasa, ta ga mijinta, baki buɗe, yana shaida wa duniya cewa bai taɓa cin abinci ba sai a wurinku.

Na dawo cin abincin rana kamar kullum. Na tarar da kwanona a rufe a inda ake ajiye shi. Na buɗe, ba komai a ciki sai katin gayyatarku. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Maigida, shekara talatin da huɗu ina ba ka abin da ka saba ci. Yanzu je ka ci wanda ba ka taɓa ci ba."

Na yi bayani, na rantse, na kawo mai aski shaida. Ta ce wanda nasa bakin ke liƙe a gilashi, shi zai wanke wani? Kwana goma sha biyu na yi a kan shayi da burodi a shago, ina jin ƙamshin tukunyarta yana wucewa ta kaina zuwa gidajen maƙwabta, don ba ta daina girki ba, ni ta daina ba wa. 'Yata ta bugo waya daga gidan mijinta tana tambaya cikin ladabi ko gaskiya ne na yi santi a gaban jama'a. Masu wucewa sun daina ce mini mai agogo, sai Baban Kaza. Shin wannan shi ne ci gaban da kuka ce kun kawo wa unguwa?

Na shida, sana'ata. Mai gyaran agogo ba shi da jari sai amana. Mutum zai kawo maka abin da ya gada, ka rufe ƙofa ka buɗe cikinsa, ba ya ganin abin da ka cire ko ka mayar. Maganarka kawai yake riƙewa. Akwai aminina direban motar haya, tare muka taso. Yayansa ya dawo daga doguwar tafiya bayan shekaru, yana son ya karrama shi. Ya ga hotona, ya ce wa yayan, "Wannan ba ya yabon banza, tunda ya yaba akwai magana." Ya kai shi gidan kifinku. Ba zan faɗi yadda suka yi kwana biyun da suka biyo baya ba, saboda wasiƙar nan mata da yara za su karanta, amma dai yayan bai ga dangi ba, ƙofa ɗaya ya yi ta gani. A rana ta uku direban ya shigo shagona, ya rame, ya miƙo hannu ya ce in ba shi agogon mahaifinsa da ya kawo gyara. Na ce ban gama ba. Ya ce, "Ba ni haka nan. Wanda ya yaudari cikina ba zan bar masa agogon ubana ba." Shekara hamsin muna tare, yallaɓai. Har yau in ya zo wucewa sai ya kau da kai.

Na bakwai, ofishinka. Zuwan farko kana taro. Zuwa na biyu taron bai tashi ba. A na uku mataimakinka ya fito, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce hoton nan ya fi duk tallan da suka yi jawo mutane, domin fuskata ta mutanen kirki ce. Da na gaya masa halin da nake ciki a gida, sai ya nuna alhini ƙwarai, ya shiga ciki ya fito da wani kati. Wai cin abinci kyauta na mutum biyu, in zo da uwargida mu sasanta. Kunama ta harbi mutum, ka ba shi kunama biyu ya tafi da su gida. Ina ka samo irin waɗannan masu basira?

Na ajiye katin a aljihun riga na manta. Matata ta tsince shi wajen wanki. Jiya da hantsi ta shirya, ta biya ta ɗauki matar kantin magani, suka shiga gidan kazarku. Ban sani ba sai da suka dawo, kuma matar kantin ce ta ba ni labari, tana yi tana riƙe ciki.

Ta ce matata ta ci loma biyu, ta ajiye cokali, ta ce tana son ganin wanda ya dafa. Aka ce ba a shiga. Ta ce ita ma ba shiga za ta yi ba, gaisuwa za ta yi, ta tura ƙofar. Ashe gidajen nan uku da kuke ta kuri da su, kicin ɗaya gare su ta baya. Kuma kicin ɗin ba murhu, ba tukunya, ba wuƙa, ko ɓawon albasa babu a ƙasa. Firji ne manya guda huɗu, da kwalaye, da injin ɗumama abinci. Babban kukun da ke sanye da doguwar farar hula kuwa, mutumin nan ne da ke facin taya a bakin mahaɗa har farkon shekarar nan. Magidanci ne mai mutunci, duk mun san shi. Da ya gan ta ya cire hular ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kai ne ka dafa wa mijina kaza?"

Ya ce, "Mama, ki yi mini rai. Ni danna maɓalli kawai aka koya mini. Nawa abincin ma daga gida nake zuwa da shi." Ya nuna mata kularsa a bayan firji.

Ta dawo gida, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ashe tausayinka ya kamata in ji." Ta shiga ta ɗora tukunya. Na ci faranti uku, yallaɓai, kuma a karo na farko cikin shekara talatin da huɗu na buɗe baki na faɗi abin da ya kamata in faɗa tuntuni. Ta ce in yi a hankali, kada wani ya ɗauke ni hoto.

Saboda haka ina roƙon alfarma, cikin ƙanƙan da kai. A sauke hotona. In kuwa kamfani ba zai iya rabuwa da fuskata ba, a mayar mini da rabin maganata da aka yanke, da baƙaƙe masu girman na farkon. A aika wa aminina direba takarda mai hatiminka cewa ban taɓa yabon ko ruwan shanku ba. Mai faci kuma a bar shi da aikinsa, ba shi da laifi, shi kaɗai ne a gidan ya faɗi gaskiya.

Sai shawara ɗaya, wadda nake ba ka don Allah. Matar kantin ta gaya mini cewa suna fitowa, mai jar hular nan ta tare matata da waya, ta ɗauke ta hoto, ta tambaye ta yaya ta ji abincin. Matata ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ba ni da bakin magana." Yau da safe kuma na ga mutanenka biyu da tsani suna auna bangon da ke gefen hotona. Ranka ya daɗe, ka fito daga taron nan ka hana su. Ni mutum ne mai sanyi, in an ɓata mini rai wasiƙa nake rubutawa. Ita ba ta rubuta wasiƙa, kuma yanzu ta san hanyar ƙofar baya.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma tsare ka daga abin da kake sayarwa.

Naka mai biyayya, mai ladabi har ƙasa, wanda ke kallon kansa ta taga kowace safiya,

Mai gyaran agogo,
shagon da ke tsakanin mai aski da kantin magani.