Zuciya a Bayan Talabijin

Ranar da na saya wa amaryata Rukayya talabijin a kasuwar Kilomita Biyar, har ƙarin garantin shekara uku na biya. Na shaida wa mai shagon, wani Alhaji ɗan Maraɗi, cewa masoyin gaskiya ba ya wasa da gobe.

A gida na tarar da 'yar takarda mai lambobi manne a bayan talabijin ɗin, duk ta ɓata masa kyau. Na kankare ta da reza, na zana zuciya a gurbinta da jan farcen Rukayya, na rubuta sunayenmu a ciki.

Wata huɗu ya yi ya mutu, muna tsakiyar fim. Na rungumo shi a kan babur, takardar garanti a aljihu, ko gezau.

Alhaji ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Ango, ina lambar?"

"Na cire, Alhaji. Ga abin da ya fi ta."

"Madalla. Sai dai kamfani lamba ya sani, bai san Rukayya ba. Ba lamba, ba garanti."

Har yau in na bi layin shagon Alhaji, sai wani ya ɗago rediyonsa: "Ango, zo ka sa mana zuciya!"