Na'ura Shida, Akwatin Wasiƙa Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Alhamis a unguwar Harra ta Yamma da ke Madina ba, ranar da wani tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ko kunna kwamfuta bai iya ba, ya gano mini kuskurena a gaban dattawa biyar. Tsohon shi ne Ammu Usman (Ammu da Larabci kamar a ce Baffa), mahaifin Safiya, yarinyar da nake nema. Wata uku kenan da kawunnaina suka je masa da maganar, amsar da suka dawo da ita kuwa guntuwa ce: "Bari mu ga aikin hannunsa tukuna."

Ban ga laifinsa ba. Shekara talatin ya yi yana rarraba wasiƙu, aikin da ake gani da ido ya sani. Ni kuwa ina wani ƙaramin kamfani da ke sayo allunan lantarki, mu zuba musu manhaja, mu rufe su a akwatin roba su zama na'urorin lasilki masu raba intanet ba waya. A lokacin abin sabo ne a Madina. (Umma ta gaji da yi wa dangi bayani, duk wanda ya tambaye ta sana'ata sai ta ce, "Iska yake gyarawa.")

Ammu Usman yana da gini hawa huɗu. Ƙasa yana saukar da masu ziyara, sama iyalinsa. Babban ɗansa yana karatu a ƙasar waje, mahaifiyarsu Hajiya Rabi ta shekara ba ta ga fuskarsa ba. Sai na ga dama ta samu. Na ce zan sa wa ginin lasilki daga ƙasa har sama, Hajiya ta zauna a ɗakinta ta ga ɗanta a kwamfuta. Na'ura shida na ce za su isa. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wanda bai taɓa haɗa fiye da biyu ba.

A nan sai na ɗan yi bayani, don a san irin laifina. A cikin tushen manhajar kowace na'ura akwai wani ɗan shiri da muke kira direba, shi ne ke magana da guntun rediyon da ke kan allo. Direban ɗaya ne a duk na'urorin, amma ba ya tashi sai an miƙa masa bayanan allon da yake kai: ƙarfin da eriya za ta iya ɗauka, tashoshin da aka yarda ta yi aiki a kansu, da lambar shaida wadda ake gane na'urar da ita a shabaka, wato hanyar sadarwar da ke haɗa na'urorin. Masana'anta suna auna kowane allo su rubuta masa nasa a wani lungu na ma'ajiyarsa. Aikina shi ne in rubuta 'yan layukan da za su ɗauko bayanan daga lungun, su miƙa wa direba duk lokacin da aka kunna.

Kwana biyu ina fama, layukan suka ƙi. Sai wata dabara ta zo mini, har na yi wa kaina murmushi. Na karanto bayanan allo na farko gaba ɗaya, na manna su a cikin manhajar, na ce wa direba ga naka. Ya tashi nan take. Na zuba manhajar nan a sauran biyar ɗin. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a teburina a unguwar Jurf, ina kashe wannan kafin in kunna waccan, domin soket ɗaya ne kusa da ni. Kowacce ta yi aiki lafiya lau. Na ce a raina daga baya zan gyara yadda ya kamata. (Duk mai sana'armu ya san wannan "daga baya". Ba ta da rana a kalanda.)

Ranar Alhamis na kafe biyar a bango, ta shida na ajiye a majalisin ƙasa don nuni. Ban san Ammu ya gayyato abokansa ba. Na tarar da su zaune da gahawa da dabino, cikinsu har da Malam Hamidu, mutumin Damagaram, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Ga muhandis ya iso," in ji Ammu, wato injiniya. "Bismillah, ya waladi, ɗana. Hajiya tana sama tana jira, an ce yaron ma ya zauna."

Na kunna su duka. Fitilu suka yi kore. Na gyara zaman tabarau, na fara jawabi a kan yadda saƙo ke tafiya a iska. Ban kai ƙarshen jimla ta uku ba wayar cikin gida ta yi ƙara. Ammu ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye.

"Hajiya ta ce ta ga goshinsa, sai hoton ya tsaya."

Na ce ƙaramin abu ne. Na danna nan, na danna can. Wayar ta sake ƙara.

"Yanzu ta ga kunnensa."

Malam Hamidu ya ce, "To alhamdulillahi, a haka a haka kafin magariba za ta haɗa shi duka."

Suka yi dariya, ni ma na yi, irin wadda ba ta wuce haƙora. Shabakar takan zo ta yi daƙiƙa goma ta ɗauke. Na fara rabon laifi. Na ce bangon ginin ne, baƙin dutsen Harra yana shanye sigina. Malam Hamidu ya ƙwanƙwasa bangon ya ce bulo ne, shi ya ga lokacin da aka gina. Na ce to kamfanin intanet ne. Na ce zafi ne. Na'urar sanyaya ɗaki tana busa mini a ƙeya, amma gumi ya jiƙa mini riga har baya.

Na buɗe jerin na'urorin a kwamfutata, layi shida, kowanne da sunan hawan da yake da lambarsa a gefe. Ina kallonsu ban ga komai ba, domin idona yana neman babban laifi ne, wanda ya dace da muhandis. Sai na ji ƙamshin turare a kafaɗata. Ammu ne ya sunkuyo, tabarau a kan hanci.

"Waɗannan su ne na'urorin?"

"Su ne, Ammu."

"Wannan kuma na gefe?"

"Lambar kowacce ce. Kamar adireshi."

Ya bi layukan da yatsa, a hankali, yadda na tabbata ya bi dubban ambulan. "Adireshi," ya maimaita. "To me ya sa duk iri ɗaya ne?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Haka ake yi, Ammu. Tsarin ne."

Ya ɗauki na'urar da ke kan tebur, ya juya bayanta, ya karanta 'yar takardar da masana'anta suka manna. Ya dubi kwamfuta. Ya sake duban takardar.

"Ya waladi, lambar da ke bayanta daban, wadda take kiran kanta da ita daban. Ni ban san lasilki ba. Amma idan gida shida suka ce akwatin wasiƙarsu ɗaya ne, na san abin da ke faruwa. Wasiƙar hawa na huɗu takan tafi hawa na ɗaya, su kuma su ce ba tasu ba ce."

Abin da ke faruwa kenan, daidai, ba ragi ba ƙari. Na ɗauki shaidar allo ɗaya na raba wa shida, har da awon eriyarsa. Saƙon da aka aiko wa Hajiya yana yawo a hawa-hawa yana neman mai shi. Malam Hamidu ya ajiye kofinsa a faranti da ƙara, da gangan.

Na ce, "Gaskiya ne, Ammu. Ni na yi. Kuma da na ce tsarin ne, ba tsarin ba ne."

Na kashe biyar, na bar ta hawa na huɗu ita kaɗai. Minti biyu ba a yi ba muka jiyo muryar Hajiya Rabi ta saman bene, ba ta ma bi ta wayar ba: "Ga shi nan! Ya rame!" Safiya ta turo mini saƙo a salula, da Larabci kamar kullum, wai Baba ya samu sabon aiki a kamfaninku?

Kwana uku na yi ina rubuta layukan nan yadda ya kamata tun farko. (Kuskuren da ya hana su aiki ashe ƙaramin abu ne, wurin da nake nema a ma'ajiyar na goce da shi kaɗan.) Na koma ranar Litinin, na zuba wa kowacce, Ammu yana biye da ni daga hawa zuwa hawa da takarda da biro. Ina karanto lambar daga kwamfuta, shi yana duba ta bayan na'ura, sai ya ce "Sahih" ya yi maki. Da muka gama ta shida ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ka ce wa kawunnanka su zo Juma'a," in ji shi. "Aikin hannunka dai na gan shi, Allah ya kyauta. Amma ka ce 'ni na yi' a gaban Hamidu, wannan ba kowa ke iyawa ba."

Yau shekaru da yawa kenan, kuma har yanzu ba na cewa abu ya yi aiki sai na kunna shi tare da 'yan'uwansa. Da aka haifa mana tagwaye, Ammu ya zo barka, ya ɗauki wannan ya ɗauki wancan, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Muhandis, suna biyu za a raɗa. Na ce bari in faɗa maka da wuri."