Damon da Ya Sa Ni Kuka a Bikin Hapsatu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Na yi kuka ranar bikin 'yata, a cikin lasifika, kowa ya ji. Kuma ba don ita na yi ba. Don damo na yi.

Ni ba mai kuka ba ne. Aikina lodin shanu a tirela, a kasuwar shanun Mubi. Sa ya taɓa karya min haƙarƙari, na ɗaure da rawani na gama lodi. Shekarar da rikici ya watsa gari, da ƙafa na bi ta Sahuda na hau dutse, 'yata Hapsatu a bayana tana zazzaɓi. Uwarta a can na binne ta. Ban zubar da hawaye ba. Wanda ya ce ya gani, ya zo ya faɗa a gabana.

Ban yi boko ba. Hapsatu ta yi, kuma ita ta jawo min. Wata rana bayan la'asar na dawo na same ta a gindin darbejiya da wani littafin Turanci mai kauri, tana dariya ita kaɗai. A bangonsa an zana yarinya a kan wata dabba.

"Mene ne wannan?"

"Labarin matasa ne, Baba."

"Dabbar nake tambaya."

Ta faɗi sunan da Turanci. Na duba da kyau. Damo ne. An dai sa masa fiffike, kuma yana aman wuta. Na ce aikin banza, na zauna ina wanke ƙafa. Ita kuma ta ci gaba da karatu tana juyawa da Hausa, wai da kanta take magana (ta san halina, da ta tambaye ni da na ƙi).

Wani sarki ne ya kwashe inuwar mutanen garinsa ya zuba a tulu ya rufe. Wanda ba shi da inuwa kuwa ba ya iya cewa a'a. Yarinyar makiyayiyar awaki ce, sunanta ya fi ƙarfin bakina, na sa mata Jummai. Ta tsinci damon yana ƙarami da karyayyen fiffike, ta yi masa ɗori da kara. Damon nan ba ya magana, ba ya fara'a. Amma in ana gudu, shi ne a baya yana tare hanya. Na ce to, wannan ya san abin da yake yi.

Daga ranar na daina tsayawa hira a wurin mai shayi. Na ce musu ƙafata ce ke ciwo.

Littafi uku ne. Wannan ma mugunta ce. Mutum yana da labari, ya faɗa ya gama mana. Mun cinye biyu, mun ci rabin na uku, sai ga maganar aure. Yaron nan malamin asibiti ne a Yola, ita ta kawo shi, ban ga laifinsa ba. Aka sa rana bayan damina. Na yi lissafi a raina, na ga za mu gama. Kwatsam kawunsa ya zo, wai hutun yaron ya matso, a jawo rana. Me zan ce? In ce a dakata, sarki ya kama damo ya ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin dutse? Na ce Allah ya sa alheri.

A nan muka tsaya. Damo a ɗaure, Jummai a bakin kogo, gobe za a yanka shi. Sai mata suka cika gida. Yayata, Adda Mairo, ta kwashe Hapsatu ta kai ɗaki aka shiga lalle. Uba ba ya shiga wurin. Na yi ta zagaye tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Sau ɗaya na leƙa, Adda ta ce, "Kai kuma me ka ajiye a nan?" Na ce buta nake nema. Butar tana hannuna.

Ranar kai amarya, aka ce za a kawo min ita in yi mata nasiha. Ina zaune a zaure, wani mai ɗaukar hoto ya zo ya maƙala min wani baƙin abu kamar ƙwaro a wuyan riga.

"Na mene ne?"

"Na aiki ne kawai, Baba."

Bai ce min yana haɗe da lasifikar da ke waje ba, inda dangin ango da rabin 'yan kasuwar shanu ke zaune a ƙarƙashin rumfa. Har yau ina neman mai hoton nan.

Aka shigo da ita a lulluɓe, tana sheshsheka, ta durƙusa. Na ce, "Ki yi sallah. Ki yi haƙuri. Kada ki kawo min ƙara." Na ji an ce madalla daga waje, na ɗauka maganarsu suke. Mota ta fara hon. Adda ta kama hannunta za ta ɗaga ta. Sai na ga in ta fita, ta tafi da ƙarshen labarin ke nan. Na sunkuya, na yi ƙasa da murya.

"Hapsatu. Damon nan, sun yanka shi?"

"Baba!"

"Ki faɗa min kafin su tafi da ke. Jummai ta shiga kogon ko ba ta shiga ba?"

Mota ta sake hon. Ta ce cikin kuka, "Ya mutu, Baba."

Na yi salati. Na ce, "Wane la'ananne ne ya rubuta haka? Shi da ya ɗauke ta a bayansa duk duwatsun nan!" Abin da ban yi wa haƙarƙarina ba, shi na yi, har da majina.

Kawun ango ya shigo da hula a hannu, yana cewa, "Subhanallahi, wa ya rasu? Wace ce Jummai?" Adda Mairo, wadda Allah bai ba ta ƙaramar murya ba, ta tsaya dab da wuyana ta ce, "Babu wanda ya rasu, Alhaji. Ƙadangaren littafi ne."

Ba ƙadangare ba ne. Na faɗa mata haka, wannan ma lasifika ta ɗauka.

Dariyar da aka yi, maƙwabcina Zira sai da ya faɗo daga kujera. Zira, wanda in 'yan ƙwallonsa na Turai suka sha kashi ba ya cin tuwo! Su matan da suke fyace hanci a gaban fim ɗin Indiya, su ma har da riƙe ciki. A kasuwa yanzu in sa ya ƙi hawa tirela, sai yara su ce a kira Baban Damo ya yi masa kuka.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo daga baya. Hapsatu ta bugo waya ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ka yafe min. Ni ma ban karanta ƙarshen ba. Hon ake yi, na faɗi abin da ya zo bakina."

Wato na zubar da mutuncin shekaru a kan gawar da babu tabbas. Mijinta ya karɓi wayar, wai shi zai karanta min. Suruki! Na kashe wayar.

Abin da na koya bai da yawa. In labari a bakin 'yarka yake, ka ji ƙarshensa kafin ka karɓi goro.

Yanzu tana da ciki. Dangin mijin sun ce ta haihu a Yola, asibiti ya fi kusa. Na sa babbar riga na shiga mota na je. Na ce haihuwar fari a gidan uba ake wanka, haka muka tarar, kuma ba a kaina za a karya ba. Kawun ya ce rabon da ya ga mai riƙe al'ada irina an daɗe. Suka yarda ta zo gida.

Ina nan Mubi, ina lodin shanu. Na tara itacen wanka, na gyara ɗaki. Kwana arba'in za ta yi, kuma sai damon nan ya fito daga kogo za ta koma.